Gyaran Cikin Tsohuwar Mota: Aikin Mai Ita Ne

A ƙasar Amurka akwai wasu motoci masu ƙarfin inji da aka ƙera daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, kamar Pontiac GTO da Dodge Charger. Tsadar man fetur ta 1973 da dokokin rage hayaƙi sun kawo ƙarshen tashensu, amma masoyansu na adana su har yau. Bayan shekara 50, ledar kujeru ta tsattsage, soso ya marmashe, rana ta fasa dashbod.

Da yawa kan miƙa irin wannan mota ga masu ɗinkin kujeru, alhali ya fi dacewa mai ita ya yi aikin da hannunsa. Dalili na farko, sai an cire kujeru an ɗaga kafet ake ganin tsatsar da ta ci ƙarfen da ke riƙe kujera da bel. Wanda zai ɗauki iyalinsa a motar ya fi kowa damuwa da wannan. Na biyu, darajar waɗannan motoci tana ga kayansu na asali, ɗan kwangila kuwa yakan yar da abin da wanki da ɗinki za su ceto.

Masu suka kan ce ɗan koyo ɓarna yake yi. Maganin wannan shi ne haƙuri: a ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi, a bar wa gwani walda da wayoyin lantarki. Sauran aikin kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.