Motar Lantarki: A Yi Lissafi Tukuna

Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, masu mota a Ƙofar Kaura ke zancen motar lantarki. Lalle ba ta shan fetur, ba ta bukatar baƙin mai. Amma fa in wuta ta ɗauke aka cika batirinta da janareto, an gudu ba a tsira ba. Faifan hasken rana mai wat 400 yakan tara misalin kilowat-awa 2 a yini. Nissan Leaf kuwa 40 take ci, watau aikin faifai 20 ke nan. A ganinmu, malami ko akawu ya fara da babur mai lantarki, wanda faifai biyu za su ishe shi. Sannu ba ta hana zuwa.