Zafin Rai A Zaurukan WhatsApp: Laifin Tarbiyya Ne Ko Na Rubutu?

Kalmomi uku sun isa su raba abokan ciniki na shekara goma. A ce a zauren WhatsApp na 'yan layi ɗaya a Kantin Kwari wani ya rubuta: "Alhaji ya biya." Marubucin labari yake bayarwa, cewa kuɗin atamfa sun shigo, magana ta ƙare. Shi kuwa Alhajin, da ya buɗe wayarsa bayan la'asar, umarni ya karanta, wato an tsare shi a gaban mutum ɗari biyu ana cewa ya biya bashi. Duka biyun Hausa ce ingantacciya. A baki ba wanda zai ruɗe, domin "ya" ta labari doguwa ce mai karin sama, ta umarni kuwa gajeriya ce mai karin ƙasa. A rubuce kamarsu ɗaya. Kafin a gane inda aka yi saɓani, an riga an tono tsohon ciniki, an ambaci iyaye, mutum biyu sun fice daga zauren.

Bayanin da aka fi ji game da irin wannan rigima shi ne tarbiyya ta lalace. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bai wadatar ba. Mutanen da ke gasa wa juna magana a waya da daddare su ne ke haɗa sahu a masallaci da asuba, su yi musabaha a bakin rumfa, su tambayi lafiyar iyali. Halin mutum ba ya sauyawa cikin sa'o'i shida. Abin da ke sauyawa shi ne hanyar da maganar ke bi.

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, alhali a kansu ma'anar Hausa ta dogara. Mai karanta jarida ko littafi yana cike wannan giɓi da abin da ya gabata a cikin jimla. Saƙon waya kuwa gutsure ne, sau da yawa ba shi da gaba ba shi da baya. Sannan baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun Hausa tun shekarun 1930, mafi yawan masu rubutu a waya ba sa amfani da su. "Baki" na iya zama bakin magana, ko baƙin launi, ko baƙin da suka zo daga nesa. "Fada" na iya zama gidan sarki ko faɗan da ake naɗe hannun riga dominsa. Rashin tazara ɗaya tak kan haɗe "ba shi" ya koma "bashi", kalmar da babu ɗan kasuwar da ke son ganinta kusa da sunansa.

Matsalar ba ta tsaya ga Hausa ba. A shekarar 2005 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, cikinsu har da Justin Kruger da Nicholas Epley, sun sa mutane su aika jimloli, wasu na gaske wasu na gatse, ta imel da kuma ta murya. Masu aikawa sun amince cewa za a fahimce su. Waɗanda suka karɓi saƙon a rubuce kuwa, abin da suka gane daidai bai wuce rabi da 'yar ɗoriya ba, kusan daidai da canke. Dalilin shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a ransa lokacin da yake rubutawa, sai ya ɗauka ta tafi tare da saƙon. Idan haka ta faru a Turanci, to ina ga harshen da "to" ɗinsa kaɗai ke iya zama amincewa, ko gargaɗi, ko gajiya, ko alamar an ƙulla gaba?

Akwai kuma abin da waya ta yanke daga gaban magana. Bahaushe ba ya faɗa wa buƙata kai tsaye. Sai an tambayi kwana da gajiya da gida da kasuwa, kuma a cikin wannan gaisuwa ne kowa ke auna yanayin ɗan'uwansa, ya san ko yau ranar tuna bashi ce ko a bari sai gobe. A zaure, saƙo kan faɗo ne tsirara. Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin illar wannan, domin zauren ofis yakan haɗa darakta da akawu da masinja a shimfiɗa ɗaya. Ƙaramin ma'aikaci ya rubuta "ka" inda ya kamata ya ce "ku" ko "ranka ya daɗe", shi a ganinsa gaggawa ce, babba kuwa ya karanta raini. Ko shiru ma ya zama magana, tunda alamar shuɗin layi biyu na tona cewa an karanta ba a amsa ba, kuma ba ta faɗin cewa mutumin yana tuƙi ne ko cajinsa ya ƙare.

Barkwanci ya fi shan wahala. Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, yana da sharaɗi: duka ɓangarorin sun san wasa ne, kuma 'yan kallo sun sani. Da zarar an ɗauki hoton saƙon an tura wani zaure inda ba a san su wane ne ke magana ba, sai ya tashi daga raha ya koma cin zarafin ƙabila, a samu masu rama wa wanda bai ce an ɓata masa ba.

Kamfanonin da suka gina waɗannan dandali suna da nasu kason. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da fuskar fushi, nauyi ninki biyar na alamar yabo wajen zaɓar abin da zai nuna wa jama'a, kafin daga baya ya janye hakan. Ma'ana, maganar da ta harzuƙa mutane ta fi saurin yaɗuwa. WhatsApp ba ya tace saƙonni ta wannan hanya, amma a 2022 ya faɗaɗa adadin 'yan zaure daga 256 har zuwa 1,024. Taron mutum dubu ba majalisar ƙofar gida ba ce, ko da an kira shi zaure, kuma mutum kan ƙi janye kalma a gaban taro ko da ya san ya yi kuskure.

Sai kuma halin da masu riƙe da wayoyin suke ciki. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar rayuwa ta matse kowa, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda albashinsa ya ƙare a tsakiyar wata, ko wanda ya wuni bai yi cinikin fari ba, idan saƙo mai fuska biyu ya zo masa, mummunar zai fara gani.

Farashin wannan rashin fahimta ya wuce ɓacin rai. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai a kan saƙon cin fuska, da kalmomi masu faɗin da har kotun ECOWAS ta ce sun tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. An taƙaita sashen a gyaran da aka yi a Fabrairun 2024, amma kai ƙara ofishin 'yan sanda a kan rubutun waya ya riga ya zama al'ada. A ƙarshen 2022 an tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda jimla guda da ya rubuta da Hausa a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, kafin a janye ƙarar. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a Mayun 2022, inda jayayya a zauren 'yan aji kan abin da ya dace a riƙa turawa ta haifar da saƙon murya da aka zarga da ɓatanci, aka kashe ɗalibar, Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, gwamnati ta sa dokar hana fita. Wannan ya nuna cewa saƙon murya, wanda da yawa ke ganin shi ne maganin ruɗanin rubutu, yana da nasa haɗarin: ana yin sa cikin fushi, kuma ba ya bin iska kamar maganar fatar baki, yana nan ana sake saurara ana turawa.

Babban abin da zaure ya rasa shi ne mai shiga tsakani. A kasuwa, idan murya ta ɗaga, akwai dattijon layi ko shugaban ƙungiya ko sarkin kasuwa da zai ja kowa gefe, ya ji ta bakinsa shi kaɗai, ya nemo hanyar da za a sauko ba tare da wani ya kunyata ba. Shugaban zaure, wanda sau da yawa ya samu matsayin ne kawai don shi ya buɗe shi, kayan aikinsa na yanke hukunci ne: ya goge saƙo, ya rufe zauren, ko ya kori mutum, kuma duk a idon jama'a. Kora a gaban abokan sana'a tozarci ne da ke bin mutum har rumfarsa. Shi ya sa zaurukan da suka daɗe ba su watse ba galibi su ne waɗanda ke da wani mai girma a ciki, wanda idan ƙura ta tashi ba ya rubuta komai, sai dai ya ɗaga waya ya kira mutanen biyu ɗaya bayan ɗaya.

Zaɓen 2027 zai gwada waɗannan zauruka fiye da yadda rigimar bashi ke gwada su, domin zauren 'yan layi da na ofis da na tsofaffin ɗalibai duk sun haɗa magoya bayan jam'iyyu daban-daban, kuma da yawa daga cikinsu har yanzu ba su yanke ko za a bar siyasa ta shigo ba.