Sharhi: Yadda Ya Kamata a Tsara Horar da Ma'aikatan Karkara ta Ajin Intanet na Kai Tsaye

Kamar yadda jama'a suka sani, hanyar da aka daɗe ana bi wajen ƙara wa ma'aikatan ƙananan hukumomi sani ita ce a kira su taron bita a babban birnin jiha. A kama zaure, a biya kuɗin mota da na masauki, a yi kwana biyu ko uku ana sauraron maƙalu, sannan a raba takardar shaida kowa ya kama gabansa. A tsawon waɗannan kwanaki, ƙaramin asibitin da ma'aikaci ɗaya ko biyu ke riƙe da shi yakan kasance a rufe. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ga kuma hanyoyin da matsalar tsaro ta sa ba a bin su sai da rana tsaka. Wannan ne ya sa hankalin mahukunta ke ƙara karkata ga horarwa ta ajin intanet na kai tsaye.

Abin da ake nufi da wannan aji shi ne malami da masu ɗaukar horo su haɗu a lokaci guda ta wayar salula ko kwamfuta, ta hanyar manhaja irin su Zoom ko Google Meet, suna jin juna suna mayar wa juna magana, alhali kowa yana garinsu. Ya bambanta da darasin da aka naɗa aka ajiye domin mutum ya kalla a lokacin da ya ga dama. Da yawa daga cikinmu mun fara sanin sa ne a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe makarantu da hana taruka.

Buƙatar horarwa kuwa ƙaruwa take yi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, ya ƙara fito da nauyin da ke wuyan ma'aji da jami'in tsare-tsare da shugabannin sassan lafiya, ilimi da aikin gona. Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, ajin intanet zai iya taimakawa wajen sauke wannan nauyi da kuɗi kaɗan, amma bisa sharaɗi guda: a tsara darasin yadda mai ɗaukar horo zai yi magana kuma ya yi aiki da hannunsa a cikin ajin. Idan aka ɗauko doguwar laccar taron bita aka zuba ta cikin waya, an yi asarar kuɗin jama'a, domin a zaure kunya takan hana mutum tashi ya fita, amma a waya babu abin da zai hana shi rufe makirufo ya ci gaba da harkokinsa, sunansa na nan a jerin mahalarta.

Akwai hujjojin bincike a kan haka. A shekarar 2014 wasu masana a Amurka sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 225 da aka yi kan ɗaliban kimiyya da lissafi na jami'o'i. Sun gano cewa a azuzuwan da lacca kawai ake yi, kimanin ɗalibai 34 cikin 100 ne ke faɗuwa, a inda kuma ake sa ɗalibai tattaunawa da warware matsaloli adadin ya sauka zuwa kimanin 22 cikin 100. Wannan a aji na ido da ido ke nan, inda malami ke ganin kowa. A ɓangaren intanet kuwa, wani nazari da aka wallafa a 2019 kan darussan kyauta da jami'o'in Harvard da MIT suka saka domin kowa ya bi da kansa ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin mutum 3 ne kacal cikin 100 da suka yi rajista suka kai ƙarshe. Darasin da ke ciki a fili yake: wanda aka bari shi kaɗai da na'ura, ba mai tambayarsa, ba mai jiran amsarsa, da wuya ya jure.

Idan dai ba a manta ba, koyarwa daga nesa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da ɗimbin malaman firamare ta hanyar littattafan karatu a gida, amma ba ta tsaya nan ba, sai da ta buɗe cibiyoyi inda ɗalibai ke haɗuwa da mai jagora a ƙarshen mako. Haka nan Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta haɗa shirye-shiryenta na rediyo da ƙungiyoyin masu sauraro a rugage, domin a ji tare a kuma tattauna. Tun a 1974 ma, a ƙasar Nikaraguwa, aka fara wani shirin koyar da lissafi ta rediyo inda mai gabatarwa ke yin tambaya ya yi shiru na ɗan lokaci domin yara su amsa da baki ko su rubuta. Idan rediyon da ba ya jin amsa ya iya barin gurbin amsa, ajin intanet da ake jin juna ba shi da uzurin zama lacca.

Misalin da ya fi kusa da halin da karkararmu ke ciki shi ne shirin ECHO, wanda wani likita mai suna Sanjeev Arora ya fara a 2003 a Jami'ar Niyu Meksiko ta Amurka. Jihar tana da faɗi da ƙauyuka masu nisa, masu ciwon hanta nau'in C kuma kan yi watanni suna jiran ganin ƙwararre. Sai ya riƙa haɗa ƙwararrun asibitin jami'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci ta hoton bidiyo duk mako. Akan yi gajeren bayani, sauran lokacin kuma ma'aikatan karkara ne ke gabatar da matsalar majiyyatan da ke hannunsu, ba tare da ambaton suna ba, a tattauna a ba da shawara. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa kimanin majiyyata 58 cikin 100 ne suka warke, a hannun ƙwararrun jami'a da kuma a hannun ma'aikatan karkarar, babu wani bambanci na a zo a gani. Abin lura shi ne, yawancin lokacin ajin na masu koyo ne, kuma abin da ake tattaunawa aikinsu ne na wannan makon.

Bisa ga haka, matakin farko ga duk jami'in da aka ɗora wa tsara kwas shi ne ya rubuta a jimla ɗaya abin da yake so ma'aikaci ya iya yi bayan an tashi. Cewa ana so a wayar da kan ma'aikata game da rigakafi bai wadatar ba. Abin da za a iya aunawa shi ne a ce ma'aikaciya ta iya duba kwalbar maganin rigakafi ta gane ko zafi ya lalata shi. Daga wannan jimla ake zaɓen abin da zai shiga darasi, duk abin da bai taimaka mata ba kuma a ajiye shi, har da dogayen jawaban buɗe taro.

Bari mu ɗauki wannan misali mu shimfiɗa shi a kan awa guda. A minti biyar na farko mai horarwa zai kira sunan kowane asibiti, a faɗa masa abin da ma'aunin firijinsu ya nuna da safiyar ranar. A minti goma na gaba zai yi bayani da hoto ɗaya: yawancin magungunan rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyas, wasu kamar na tetanus daskarewa ke lalata su, sannan akwai 'yar alama a jikin kwalba, murabba'i a cikin da'ira, wadda idan murabba'in ya yi duhu daidai da da'irar ko ya fi ta ba a amfani da maganin. Daga nan a ba da minti goma sha biyar kowace cibiya ta ɗauko kwalaben da ke hannunta ta duba, ta faɗi abin da ta gani. Wani minti goma sha biyar kuma cibiya ɗaya ta kawo matsalar da ta taɓa fuskanta, alal misali firijin sola ya tsaya ana gobe fita rigakafi, sauran su faɗi abin da za su yi kafin malami ya sa baki. A bar minti goma don tambayoyi, biyar na ƙarshe a ba da aikin da za a kawo rahotonsa mako mai zuwa. A wannan tsari malami bai yi magana shi kaɗai fiye da minti goma a jere ba. Haka za a iya yi wa malaman gona kan tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a ƙasar nan a 2016, ko masu karɓar haraji kan cike rasit da littafin shigar kuɗi.

Mataki na biyu shi ne a tsara kwas daidai da ƙarfin hanyar sadarwar da ke ƙauye, domin wadda ke ofishin mai horarwa a birni ba ita ce ma'auni ba. Hoton bidiyo na cin data ninkin-ba-ninkin fiye da murya, ga shi a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Saboda haka a gina darasi a kan murya, a tura hotuna da takardu ta WhatsApp kwana ɗaya ko biyu kafin aji, a kuma naɗi muryar darasin domin wanda sabis ya yanke masa. Ya fi dacewa mutum biyar zuwa goma su taru a sakatariyar ƙaramar hukuma ko babban asibitin gunduma, a kan waya ɗaya mai lasifika, tare da jagora daga cikinsu. Ta haka kuɗin data ya ragu, an sami abokan tattaunawa, kuma babu mai sulalewa. Mu tuna cewa a Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda dalilan tsaro. Kwas ɗin da ke da takardu a hannu da jagora a wuri ba zai tsaya cak ba idan irin haka ta faru.

Mataki na uku ya shafi mutane. Mai horarwa ɗaya ba zai iya koyarwa yana kuma lura da wanda ya ɗaga hannu da wanda layinsa ya yanke ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wajibi ne a haɗa shi da mataimaki. A yi darasi da harshen da ma'aikata ke aiki da shi da jama'a, a bar Turanci ga sunayen fom da magunguna. A kauce wa lokutan salla da ranar kasuwar yankin da ranakun awon ciki ko rigakafi. Sannan a lura cewa a taron da aka haɗa manya da ƙanana, ƙaramin ma'aikaci kan yi shiru don girmama na gaba, mata kuma sukan bar wa maza magana. Tambayar da aka jefa wa kowa da kowa, mutum biyu ko uku ne za su riƙa amsa ta. Sai an kira cibiya da sunanta, an kuma riƙa juya wanda zai yi magana a madadinta.

Ba mu ce ajin intanet zai maye gurbin kowane irin horo ba. Yin allura da karɓar haihuwa da gyaran famfon tuƙa-tuƙa sai an gani an kuma taɓa a gaban gwani, gani ya kori ji. Abin da ya dace shi ne a rage yawan tafiye-tafiye, a keɓe kuɗin da aka tsimi don irin waɗannan. Haka kuma akwai gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba: alawus ɗin taron bita ya zama wani abin dogaro ga ma'aikata masu ƙaramin albashi, kuma idan aka janye shi aka bar su da sayen data daga aljihunsu, ba za su karɓi sabon tsarin da zuciya ɗaya ba. Dole ne a sa kuɗin data da na cajin waya a cikin kasafin kwas tun farko.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da daraktocin ma'aikata da su sauya ma'aunin da suke karɓar rahoton horarwa da shi. Jerin sunayen mahalarta da hoton fuskar kwamfuta ba su nuna an koyi komai ba. Kafin a sa hannu a biya mai horarwa, a nemi ganin jadawalin darasi, a duba minti nawa aka ware wa masu koyo, a kuma ɗaura takardar shaida a kan aikin da ma'aikaci ya kawo. Bayan wata ɗaya ko biyu jami'in sa ido ya je wurin aiki ya duba takardar auna zafin firiji ko littafin haraji, ya ga ko an sami canji. Su ma masu unguwanni da dagatai da kwamitocin raya gundumomi suna da haƙƙin su tambayi ma'aikacin garinsu abin da ya koyo da kuma amfanin da zai yi wa jama'a, tun da da dukiyarsu aka horar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramar hukumar da ke shirin sayen na'urori a kasafin baɗi, ta fara da horar da mutum biyu ko uku da za su iya tsara darasi. Allah Ya sa mu dace.