Laftof da Kwamfutar Tebur: Me Ya Sa Gudunsu Ba Ɗaya Ba?

Yau maganarmu a kan abin da ke cin kuɗin iyaye ne: ka tura wa yaro kuɗi ya sayi laftof mai Core i5, bayan wata biyu ya bugo waya wai tana da nawa, alhali ta tebur da ke shagon buga takardu, ita ma i5 ɗin ce, gudu take kamar me. Ba lallai ne an cuce shi ba.

Maganar wuta ce da zafi. Ƙwaƙwalwar laftof, wato furosesa, an ƙera ta ne ta riƙa cin wuta kaɗan don batir ya daɗe. Wadda lambarta ta ƙare da harafin U kamar wat 15 take ja, mai H wajen 45, ita kuwa ta tebur 65 ko fiye. Ka ga suna ɗaya, ƙarfi daban.

Sai zafi. Ta tebur akwatinta da fili, fankarta babba. Laftof komai a cunkushe yake, fankar 'yar mitsitsiya. Da zafin ya doshi digiri 100, ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. To ina ga an ɗora ta a kan katifa, ga ƙurar hunturu ta toshe kafofin iska? Haka kuma yawancinsu na sassauta gudu da zarar an zare caja.

Don haka, Alhaji, kafin ka cire kuɗi, tambayi aikin da za a yi. In lissafin shago ne da karatun yara, laftof ta isa, kuma ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba. In haɗa bidiyo ne ko zanen gini a wuri guda, ta tebur ta fi, gyaranta ma ya fi sauƙi.

Wanda ya riga ya saya kada ya yi saurin sayarwa. A kai wa mai gyara ya busa ƙurar, ya canza tsohon hadis da SSD, ya kai RAM gig 8. A riƙa ajiye ta a kan tebur ko faranti, ba kan filo ba. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Allah Ya ba da kasuwa. Sai mako na gaba.