Sanarwar Bayan Taro Kan Ceto Tarihin Masaƙun Kakuri da Gyaran Ɗakunan Karatu a Kudancin Kogin Kaduna

Ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare da malaman makaranta mazauna unguwannin kudancin Kogin Kaduna ta yi zama na yini guda ranar Asabar da ta gabata, a zauren wata makarantar sakandare da ke Kakuri. An gayyato tsofaffin ma'aikatan masaƙa da matan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da limamai da fastoci, da masu unguwanni, da matasa masu ilimin kwamfuta daga Makera, Barnawa, Nasarawa, Talbijin, Narayi da Sabon Tasha. An buɗe zaman da addu'o'in addinai biyu. Batun da aka tattauna shi ne yadda ɗakunan karatu da gidajen tarihi ke amfani da intanet da na'urori, da kuma rabon da wannan ɓangare na gari zai samu a ciki.

Abu na farko da taron ya lura da shi, kuma ya fi daɗewa a kansa, shi ne cewa manyan wuraren da ke riƙe da tarihin Kaduna duk suna hayin arewa. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith a tsohon gidan Sardauna, yana Titin Rabah. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa, da aka buɗe a 1975, yana Titin Ali Akilu. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana Titin Yakubu Gowon. Ba wanda ke ƙorafi a kan haka, domin can ne mazaunin mulki tun zamanin Turawa. Sai dai takardun da ke waɗannan wurare galibinsu na masu mulki ne: wasiƙun razdan da di'o, rahotannin haraji, takardun sarakuna da 'yan siyasa, rubuce-rubucen malamai. Wannan hayi namu kuwa na masu aikin ƙarfi ne. Nan tashar jirgin ƙasa ta mahaɗa take. Nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, sannan Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Nan aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, nan Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975. Daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta NLC a 1999, kuma hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Nasarawa take. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a 2007, sauran ma haka suka ƙare. Babu gidan tarihi ko ɗaya da yaron Kakuri zai shiga ya ga masarrafar da kakansa ya tsaya a gabanta shekara da shekaru.

Tarihin bai ɓace ba tukuna, yana cikin akwatunan ƙarfe da ƙarƙashin gadaje. Dattawan da suka halarci zaman sun zo da kaɗan daga ciki: katunan shaidar aiki, takardun ɗaukar aiki da na albashi, hotunan ƙungiyoyin ƙwallon masaƙu da na ranar ma'aikata, kalandun ƙarshen shekara, guntayen atamfa masu ɗauke da sunan masaƙa a gefe, da kasakasan tarukan ƙwadago. Wasu gara ta taɓa su, wasu ɗanshin damina ya manne su, wasu tawadarsu ta dushe. Taron ya damu ƙwarai da cewa duk dattijon da ya rasu, magada kan share ɗakinsa, takardun su tafi wajen mai ƙosai ko bola. Wata daga cikin iyayenmu mata ta tunatar da zaman cewa ga iyalai da dama waɗannan takardu su ne kaɗai hujjar shekarun da maigida ya yi yana aiki, ga masu neman haƙƙinsu na sallama. Manazarta daga waje sun yi rubutu a kanmu, kamar Gunilla Andrae da Björn Beckman a kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, da Elisha Renne a kan halin da ma'aikatan KTL suka shiga bayan rufewa. Muna godiya gare su, amma littattafan da Turanci suke, kuma ba su kai hannun yawancin mutanen da aka yi rubutun a kansu ba.

Akwai wani dalili da ya sa taron ya ɗauki wannan aiki da muhimmanci. A masaƙun nan Bahaushe da Bagwari da Bakataf da Bajju da Tibi da Idoma da Igala da Bayarbe da Ibo suka yi aiki a layi ɗaya, suka yi haya a gida ɗaya, suka yi yajin aiki tare. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa mutane da yawa sun sauya unguwa, kogin ya zama iyaka a zukatan wasu. Yaran da aka haifa bayan haka sun girma ba su san wancan zama ba, kuma hotunan da ke cikin akwatunan nan shaida ce da ba ta buƙatar dogon bayani.

An saurari bayani kan abin da wasu suka yi. Tun 2004 Laburaren Birtaniya ke da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari, kuma a ƙarƙashinsa aka ɗauki hotunan takardu masu yawa daga ma'ajiyar ƙasa ta Kaduna aka ɗora a intanet, kowa yana iya dubawa kyauta. Jami'ar Boston da ke Amurka ta yi irin haka ga rubuce-rubucen ajami, har da na Hausa. Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello yana da rumbun Kubanni, inda ɗalibi zai sauke kundin digiri ba sai ya je harabar jami'ar a Samaru ba. Shafin Archivi.ng yana ɗora tsofaffin jaridun Najeriya. Wanda ya fi jan hankalin mahalarta shi ne Digital Benin, da aka ƙaddamar a 2022: kayan tarihin Masarautar Benin fiye da 5,000, warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, aka tattara bayanansu a kundi ɗaya, tare da sunayensu a harshen Edo. Ba a motsa kayan daga inda suke ba, kundin ne ya haɗa su. Namu kayan ma a warwatse suke, a ɗakunan mutane, kuma masu su ba sa son rabuwa da su. Don haka taron ya amince cewa ba za mu karɓi asalin takardar kowa ba. Za a ɗauki hotonta a gaban mai ita, a rubuta bayaninta, a mayar masa, a kuma nuna masa yadda zai adana ta nesa da ƙasa da jikin bango.

An yi muhawara mai zafi kan Facebook da WhatsApp. Matasa sun ce can jama'a suke, kuma hoto ɗaya na tsohuwar masaƙa yakan fito da mutanen da suka san duk wanda ke ciki. Ma'aikatan laburare sun amsa cewa waɗannan dandali suna matse hoto su rage masa kyau, bayan wata ɗaya ba a iya gano shi, kuma idan aka rufe shafi komai ya tafi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma matsayar da aka cimma ita ce dandalin sada zumunta wurin shela ne da neman bayani, ajiya kuwa dabam. Kowane hoto za a ɗauke shi da sikana ko kyamara mai kyau, a adana babban kwafinsa yadda yake, a ba shi lamba, a rubuta wa ke ciki, a ina, wace shekara, wa ya kawo, wa ya faɗa. Inda ba a tabbatar da shekara ba, a rubuta cewa kintace ne. Taron ya jaddada cewa wannan rubutu shi ne ainihin aikin, shi ne kuma mai cin lokaci, kuma hoton da ba a san ko na wa ba ne amfaninsa kaɗan ne ga mai bincike. Bayanin zai kasance da Hausa da Turanci, a rubuta ɓ da ɗ da ƙ daidai, domin manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto suna yawan kuskure a kansu, sai mutum ya bi ya gyara.

Game da ajiya, an tuna harin da masu kutse suka kai wa Laburaren Birtaniya a watan Oktoba na 2023, wanda ya durƙusar da kundin littattafansa da ayyukansa na intanet har tsawon watanni, da gobarar da ta cinye mafi yawan kayan gidan tarihi na ƙasa a Rio de Janeiro ta Brazil a 2018. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Kowane abu za a yi masa kwafi uku a wurare dabam-dabam, ɗaya daga ciki a hayin arewa, kuma ƙungiya za ta rubuta wa Gidan Arewa ta nemi ya zama mai riƙon wannan kwafi, ya kuma horar da matasanmu.

Hirarraki da dattawa su ne gaggawa, an kuma sa su gaba da komai. Kowa zai yi magana da harshen da ya fi jin daɗi, a ajiye muryar yadda take, fassara ta biyo baya. Za a fara da mafi tsufa da marasa lafiya. Za a tambaye su aikin kansa: yadda auduga ke shiga ta fito zare, sashen saƙa da na rini da na buga zane, aikin dare, ƙarar injin da ta taɓa jin wasu, kuɗin haya, kantin ma'aikata, ranar da aka rufe ƙofa. Mata ma za a ji daga gare su, da waɗanda suka yi aiki a ciki da masu sayar da abinci a bakin ƙofa.

Ba za a ɗora komai a intanet ba sai da izinin mai shi a rubuce, wanda za a karanta masa da harshen da yake ji. Takardun albashi da na asibiti da duk abin da ke ɗauke da sirrin mutum za su zauna a ajiya kawai, bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023. Zanen atamfa da hotunan masu ɗaukar hoto na kasuwa suna da masu haƙƙi a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma za a nemi shawarar lauya kafin a saki irinsu. Waɗanda masu su suka yarda a sake su ga kowa za a ɗora su a Wikimedia Commons, don masu rubuta Wikipedia ta Hausa su samu abin kafa hujja a kan Kakuri da Makera.

Zancen ɗakunan karatun makarantu bai ɗauki lokaci ba, domin kowa ya san halin da suke ciki. An amince a gwada manhajar Koha, wadda kyauta ce, a makarantun da suka nuna sha'awa, don a san littattafan da ake da su da wanda ya ara. An kuma yi gargaɗi cewa kada a karɓi kyautar kwamfutoci inda babu sola, babu mai kula, babu kuɗin gyara, saboda an sha ganin ɗakin da aka buɗe da biki aka kulle da kwaɗo.

Taron yana kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da Hukumar Laburare ta Jiha da su samar da ɗakin karatu na jama'a mai wuta da intanet a wannan hayi. Yana kira ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masu mallakar tsofaffin masaƙu da su keɓe ko zaure ɗaya, da 'yan injuna da littattafan samfurin zane, kafin a sayar da su a matsayin ƙarafa. Yana roƙon ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ba da damar ɗaukar hoton mujallunta da rahotannin tarukanta. Yana kuma roƙon limamai da fastoci su sanar a masallatai da majami'u cewa kada a zubar da takardun mamaci kafin a kira mu.

An kafa kwamiti uku, na hirarraki, na ɗaukar hoto da rubuta bayani, da na izini da ajiya, kowanne da dattijo da mace da matashi a ciki. Ƙungiya tana godiya ga shugaban makarantar da ta ba mu zaure, da iyayenmu da suka ɗauko kayansu suka zo. Zama na gaba a Makera za a yi shi, masu unguwanni za su sanar da rana. Duk mai zuwa da takardu ya sa su cikin ambulan ko tsakanin kwali biyu, kada ya manna musu salatif, kada kuma ya yi ƙoƙarin raba waɗanda suka manne.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakatariyar Ƙungiya