Arzikin Ƙarƙashin Ƙasa Ba Ya Tsira Sau Biyu

Gero idan an girbe shi bana, baɗi a sake shukawa. Yuraniyom da kwal da man fetur kuwa, abin da aka haƙo ya tafi ke nan.

Mun ga haka a Akuta, kusa da Arlit. A 1978 kamfanin Cominak ya soma fitar da yuraniyom, ana kai shi Faransa domin tashoshin lantarki. A ƙarshen Maris 2021 aka rufe mahaƙar, saboda ma'adinin ya ƙare. Ma'aikata wajen 600 suka rasa abin yi. Aka bar wa mutanen garin tulin tarkace kimanin tan miliyan 20, mai fitar da iskar radon, wadda yawan shaƙarta kan jawo ciwon dajin huhu.

Man Agadem, da aka fara tacewa kusa da Damagaram a 2011, shi ma yana da ranar ƙarewa. Tun yana gudana ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu: makarantu nawa, rijiyoyi nawa, wutar hasken rana nawa kuɗinsa ya samar? Abin da jikokinmu za su tarar ke nan. Tun ran gini, ran zane.