Zuwa Abuja Karon Farko: Kwana Uku Sun Isa In An Yi Shiri

 

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani buri da mata da yawa a nan Jahun da kewaye suke da shi, wato su ɗauki yara a lokacin hutu su kai su Abuja su ga babban birnin ƙasarsu da idonsu. Buri ne mai kyau, domin Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To amma tafiyar da ba a shirya mata ba takan cinye kuɗin da aka daɗe ana tarawa a adashi, a dawo da gajiya da bashi, wani lokaci har da ɓacin rai tsakaninki da 'yan uwan da suka sauke ku. Shawarata a taƙaice ita ce, ki ɗauki kwana uku kacal, ki zaɓi wurare kaɗan da ke kusa da juna, sannan ki gama duk wata magana ta kuɗi da masauki tun kina ɗakinki.

Ki fara da takardun kuɗin da ke jakarki

Yaro ba ya ganin abin da ba a ba shi labarinsa ba. In ya je bai san komai ba, dogayen gine-gine da motoci kawai zai kalla ya dawo. Don haka mako guda kafin tafiya ki zaunar da su bayan sallar Isha'i, ki fito da naira 20 da naira 100 da naira 1,000.

A fuskar naira 20 akwai hoton Janar Murtala Muhammed, wanda gwamnatinsa ce ta kafa dokar mayar da babban birni daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa a watan Fabrairu na 1976. Ba a tare ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Ki juya bayan takardar, za ki ga mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar ƙabilar Gwari, waɗanda su ne mutanen wannan ƙasa tun kafin a aza tubali ɗaya na sabon birnin. Ki nuna wa 'ya'yanki mata ita da kyau, su san cewa sana'ar hannu ce ta kai ta nan. A bayan tsohuwar naira 100 akwai Dutsen Zuma, a bayan naira 1,000 kuma ginin Babban Bankin Nijeriya. Duka biyun za su gan su a wannan tafiya, kuma yaron da ya riƙe takarda a hannu yana neman abin da ke jikinta ba ya barci a mota.

Ki kuma gaya musu asalin sunan. Lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya ya yi kudu da jama'arsa. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, shi ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ashe ke nan sunan da muke jin tsoro, sunan Bahaushe ne.

Masauki kafin mota

'Yar uwa, kada ki yarda ki sauka a gidan kowa ba tare da sanarwa ba. Gidajen Abuja ba irin namu ba ne masu zaure da tsakar gida da ɗakin baƙi. Ma'aikaci da yawa ciki da falo gare shi, kuma ruwa da wuta da gas duk da kuɗi yake sayen su. Maigida ya kira mai masaukin tun da sauran makonni biyu, ya faɗa masa ku nawa ne, ranar zuwa da ranar komawa. In kin ji ana ta kwana-kwana a amsa, to ki fahimta, a nemi wani wuri ko a rage yawan masu tafiya, zumunci ya fi yawon buɗe ido.

Abu na biyu, ki tambayi unguwar da suke. Wanda ya ce miki yana Abuja, mai yiwuwa a Kubwa yake ko Nyanya ko Lugbe ko Gwagwalada, wani ma a Mararaba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja. Daga waɗannan wurare zuwa tsakiyar gari tafiya ce mai cin kuɗi, kuma a ranakun aiki cunkoson safe da na yamma, musamman a hanyar Mararaba da Nyanya, yakan cinye sa'o'i. Sanin unguwar ne zai gaya miki nawa za ki ware wa zirga-zirga.

Kada ki je hannu rabbana. Shinkafa 'yar gida, man gyaɗa, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, manshanu da dabinon Dutse, duk abubuwa ne da suke da araha a wajenmu, can kuwa da tsada. Tsarabar da za ta shiga tukunya ta fi turmin atamfa amfani ga matar da za ta ciyar da ku kwana uku.

Lissafin kuɗi

Ki raba kuɗin gida huɗu: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin zirga-zirga a cikin gari, abinci da tikitin shiga wurare, sai kuma na ko-ta-kwana. Maigida ya tambayi kuɗin mota a tasha a makon da za a tafi, domin yana canzawa da farashin mai. Kuɗin komawa gida a ƙulle shi daban, a ba mutum ɗaya ya riƙe, kada a taɓa shi ko da me aka gani a kasuwa. Kada kuma a tara komai a jaka ɗaya, wani a banki, wani a hannu.

Hanya

Daga Jahun zuwa Abuja ya haura kilomita 500, yini guda ne cur. Za a bi ta Gaya da Wudil a shiga Kano, daga nan Zariya, Kaduna, sannan Abuja. Tun 2018 aka fara sake gina hanyar Kano zuwa Abuja, kuma ɓangaren Kaduna zuwa Abuja shi ne ya fi jan lokaci, ga shi ya sha fama da masu satar mutane a shekarun baya. Saboda haka a tashi da zarar an idar da sallar Asuba, a shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta sunan fasinja, da niyyar isa kafin Magariba. In an makara a Kano, gara a kwana a can da a yi tafiyar dare da yara.

Akwai kuma jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Kubwa da Idu a Abuja, wanda ya fara aiki a 2016. An dakatar da shi bayan harin watan Maris na 2022, ya dawo a Disambar shekarar. Ana sayen tikitinsa ta waya, kuma ana neman lambar katin ɗan ƙasa. Yara suna murna da shi ƙwarai, sai dai sauya abin hawa sau uku da kaya da goyo ba ƙaramin aiki ba ne. Mai iko zai iya zuwa a mota ya dawo a jirgi. Na ce a je a mota ne domin Dutsen Zuma yana bakin hanya, kusa da Madalla, gab da shiga birnin. Da kun wuce Tafa sai ki ce kowa ya fito da naira ɗarinsa.

A jakar hannu ki sa ruwa, dambun nama, cincin, dabino, maganin zazzaɓi, garin ruwan gishiri da sukari, leda saboda mai amai, da darduma. Mai ciki ta fara jin ta bakin ma'aikatan asibiti kafin ta yanke shawara.

Alhamis zuwa Lahadi

Ku tashi ranar Alhamis, ku dawo ranar Lahadi. Ranar Juma'a ta tsakiyar gari ce. A fita da hantsi a nufi Masallacin Ƙasa, mai ƙubba ruwan zinari da hasumiya huɗu, wanda aka gina a 1984. A isa da wuri domin a samu wuri a ɓangaren mata kafin a cika, a kuma ajiye takalma a leda a riƙe a hannu. A tsallaken babban titin za ki hango babbar majami'ar Kiristoci ta ƙasa, kuma dama ce ta gaya wa yara cewa wannan gari an gina shi ne don kowa da kowa. Bayan an sauko, direba ya zaga da ku ta Babban Banki, da dandalin Eagle Square inda ake rantsar da shugaban ƙasa, da ginin Majalisar Tarayya, ga Dutsen Aso a bayansa. Daga cikin mota za a kalla. Kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoto a kusa da fadar shugaban ƙasa, ko bariki, ko shingen jami'an tsaro. Ki sa yara su riƙa karanta sunayen tituna, za su ga na Ahmadu Bello da Tafawa Balewa da Shehu Shagari da Aminu Kano, ke kuma ki faɗa musu ko su wane ne.

Ranar Asabar ta yara ce, kuma titunan birni sun fi sauƙi. Da safe a je lambun Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a Disambar 2003. Fili ne na ciyawa da inuwa, a tafi da tabarma da abincin gida a kula, wannan kaɗai ya rage miki kuɗi mai yawa. Daga nan, in da sauran ƙarfi, ga gidan namun daji na yara a Asokoro, a gindin Dutsen Aso, mai masauki ya tabbatar da lokacin buɗewa. Da yamma a zaɓi ɗaya, ko bakin tafkin Jabi ko kasuwar Wuse. Ban ce duka biyu ba. Yaron da aka ja wuri shida a yini ɗaya, kuka kawai zai tuna.

Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, don haka mota za ki shiga. A nan ne ake jin tsoron 'yan wan-cans, masu tsayawa kamar tasi da fasinjojin ƙarya a ciki su yi wa mutum fashi. Kada ki tare mota a bakin titi. Mai masauki ya haɗa ku da direban da ya sani a yi cinikin yini, ko a kira mota ta manhajar waya irin su Bolt. In kuma kin ji kwandasta yana kiran Dutse, ba tamu ba ce, Dutsen Alhaji yake nufi, can wajen Kubwa. Kowane yaro a rubuta lambar wayar mahaifinsa a takarda a sa masa a aljihu, a kuma koya masa cewa in ya ɓace ya tsaya inda yake.

Sallar matafiyi

Tafiyar ta kasance da yardar maigida, tare da shi ko da muharrami. A mazhabar Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ana yi mata ƙasaru, a mayar da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu, Magariba da Asuba kuwa suna nan yadda suke. Ana farawa ne bayan an fita daga gidajen gari. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya je zai cika sallarsa, amma ku da za ku isa Alhamis ku juyo Lahadi kuna cikin masu ƙasaru, sai in kun bi limami mazaunin gari, to sai ku cika tare da shi. Juma'a ba ta wajaba a kan mace da matafiyi ba, amma in kun halarta ta wadatar da ku daga Azahar. Wannan darasi ne da yara suka daɗe suna haddacewa a Islamiyya, ga ranar aiki da shi ta zo.

Idan kun dawo gida lafiya, ki ba kowane yaro takarda ya rubuta abu uku da ya gani da abu ɗaya da bai gane ba, ya kai wa malaminsa. Ki kuma kira matar gidan da ta ɗauki ɗawainiyarku ki yi mata godiya da bakinki, kada ki bar wa maigida shi kaɗai.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, Ya sa wa 'ya'yanmu albarka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.